Masu Gyaran Injin Gazuwal a Kan Hanyar Takeita

Garin Takeita, cibiyar ƙaramar hukumar Garagumsa cikin jihar Damagaram, yana zaune ne a bisa mararrabar hanyoyi biyu. Ta farko ita ce babbar hanyar ƙasa mai lamba 1, wadda ta taso daga Yamai, ta biyo ta Birnin Ƙonni da Maraɗi da Tasawa, ta ratsa Takeita, ta shiga birnin Damagaram bayan tafiyar kilomita kamar 50, ta zarce har Difa. Ta biyu kuwa daga nan take ɓallewa ta yi kudu, ta bi Kance da Matamai, ta kai iyakar Ɗan Barto, daga can sai Daura da Kano. Saboda haka dare da rana ba a rasa manyan motoci a bakin gudron: masu hatsi, masu wake, masu dabbobi, masu siminti, da tankokin mai. Tun daga watan Nuwamba na shekarar 2011, lokacin da aka buɗe matatar mai ta SORAZ a arewacin Damagaram, wadda aka gina domin tace ganga 20,000 a kowace rana, tankokin da ke kai mai yammacin ƙasa ta nan suke bi.

Dukan waɗannan motoci da gazuwal suke aiki. Idan guda ta mutu a hanya, asarar ba ta tsayawa kan mai mota shi kaɗai. Tumatir da albasa suna ruɓewa, dabbobi suna galabaita cikin rana, hatsin da ake jira a wani ƙauye yana makara, direba da yaran mota kuma suna kwana ƙarƙashin kamiyo suna cin guzurinsu. Manyan gidajen dillancin motoci, masu ƙwararrun makanikai da kayan awo, yawancinsu suna Yamai, tafiyar fiye da kilomita 800. Wannan nisa shi ya sa sanin ciwon inji ya zama abin da ya shafi kowa a wannan yanki, tun daga makaniki har zuwa ma'aikacin da aka danƙa wa motar hukuma.

Dangantakar ƙasar Damagaram da manyan motoci tsohuwa ce, kuma gyaɗa ce ta ƙulla ta. A zamanin mulkin Turawa ana kai gyaɗar Matamai da Magarya da Mirriya zuwa Kano, inda jirgin ƙasa yake ɗaukarta zuwa bakin teku. A 1962 aka kafa SONARA domin cinikin gyaɗa, kamfanin sufuri na ƙasa SNTN kuma ya zuba motocinsa a kan hanyoyi. Motocin Berliet na birnin Liyon a Faransa, waɗanda suka yi suna tun da suka ƙetare hamadar Tenere a 1959 da 1960, da motocin Mercedes masu gajeren hanci, su ne makarantar tsofaffin makanikan wannan ƙasa. A 1978 aka haɗe Berliet da Saviem a ƙarƙashin Renault. Bayan haka sai aka shiga zamanin tsofaffin motocin Turai irin su DAF da MAN da ake saukewa a tashoshin Kwatano da Lome, daga baya kuma motocin Howo na ƙasar Sin suka cika hanya. Wani abin lura shi ne, injin da ke cikin Howo da yawa, wanda ake kira WD615, asalinsa na kamfanin Steyr ne na ƙasar Ostiriya, kamfanin da ya taɓa harhaɗa motoci a Bauci. Makanikin da ya san tsohuwar Steyr ba baƙo ba ne gaba ɗaya a gaban Howo.

Har a bakin magana ana jin wannan gamayya. Makanikin da ya koyi aiki a Yamai ko Maraɗi da sunayen Faransanci yake kiran sassan inji, wanda ya koya a Kano kuwa da na Ingilishi. Wannan ya ce gazuwal, wancan ya ce man gas. Wannan ya ce kilas, wancan ya ce kan inji. A Takeita yaron gareji yana tashi da duka biyun, don kuwa mai sayar da kayan gyara a Kano ba zai gane sunan da ake faɗi a Yamai ba.

Yadda injin yake aiki

Injin gazuwal ba shi da filogi mai ba da tartsatsin wuta kamar injin fetur. Bajamushe Rudolf Diesel, wanda ya tada injinsa na farko mai aiki sosai a 1897 a birnin Ogusburg, ya dogara ne ga wata ɗabi'a ta iska: idan aka matse ta, tana yin zafi. Fistan yana zuƙo iska zalla cikin silinda, ya matse ta har ta koma kamar kashi 1 cikin 16 ko 17 na girmanta, zafinta ya haura digiri 500. A daidai wannan lokaci nozul yake fesa gazuwal cikinta kamar raɓa, man ya kama da kansa, ya tura fistan ƙasa. Fompon da ke auna man yana tura shi da ƙarfi, kamfanin Bosch ne ya fara ƙera irinsa da yawa a 1927, kuma har yau shi ne zuciyar tsofaffin motoci.

Wanda ya fahimci wannan ya samu mabuɗin bincike. In inji ya ƙi tashi ko ya rasa ƙarfi, to ko iska ce ba ta isa, ko mai ne ba ya zuwa da tsabta a kan lokacinsa, ko matsi ne yake zurarewa. Ƙwararren makaniki ba ya fara da kwance kan inji. Yana fara da tambaya. Yakan zaunar da direba ya ji a ina aka sha mai na ƙarshe, a gidan mai ne ko daga jarka a bakin hanya, yaushe aka yi juyen baƙin mai, ciwon ya zo farat ɗaya ne ko sannu a hankali, a kan hawa yake tsananta ko da sanyin safiya. Direba ba kullum yake faɗin gaskiya duka ba, musamman in yana tsoron maigidansa zai ɗora masa laifi, don haka makaniki mai hankali yakan keɓe yaron mota ya tambaye shi daban. Sau da yawa a bakin yaron ake jin cewa allurar zafi ta hau ja tun daga Tasawa, aka ci gaba da tafiya.

Bayan tambaya sai duban hayaƙi, wanda shi ne shaida mafi sauƙin samu. Baƙin hayaƙi yana nuna mai ya fi ƙarfin iska: matatar iska ta toshe, ko turbo ya gaji, ko nozul yana ɗiga maimakon feshi, ko kuwa wani ya taɓa fompo ya ƙara masa mai don motar ta ja lodin da ya wuce ƙa'ida. Shuɗin hayaƙi baƙin mai ne ke ƙonewa, ya shiga silinda ta wajen ringi da suka cinye ko ta turbo. Farin hayaƙi ya fi wuyar hukunci. In yana da warin ɗanyen gazuwal yana kuma sa hawaye, man ne bai ƙone ba, ko don feshin ya makara ko don matsi ya yi rauni. In kuwa kamar tururi yake, ruwan lagireto yana raguwa ba a ga inda yake yoyo ba, to ruwa ne ke shiga silinda, a tuhumi gasket ɗin kan inji. Ɗan farin hayaƙin da ke fita da asubahin hunturu ya ɓace in inji ya ɗumama, wannan ba ciwo ba ne.

Ƙura ita ce babbar abokiyar gabar inji a ƙasar nan. Injin da girmansa ya kai lita 10, yana juyawa sau 2,000 a minti, yana zuƙar iska kusan lita 10,000 a minti guda ko da babu turbo. A watannin hunturu, lokacin da hazo ke tasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi ya rufe sararin Damagaram, kowace lita tana ɗauke da ƙura mai laushi kamar gari amma mai kaifi. In ta samu hanyar shiga, sai ta gauraya da baƙin mai ta riƙa goge ringi da bangon silinda kamar dutsen wasa wuƙa. Tsofaffin motoci suna da matata mai kwanon mai, a wanke ta a zuba sabon mai, shi ke nan. Na yanzu takarda ce. Ɗabi'ar da ta zama ruwan dare, ta cire matata a buga ta a jikin taya don kakkaɓe ƙura, tana yaga takardar a inda ido ba ya gani. Motar za ta ji daɗin numfashi na ƴan makonni, bayan wasu watanni kuma a sauke injin gaba ɗaya. Makanikin kirki yakan shafa yatsa cikin bututun da ke bayan matata. In ya fito da ƙura, ya san ɓarna ta riga ta fara.

Mai shi ne na biyu. Allurar nozul da gidanta an ƙera su ne da tazarar da ba ta wuce ƴan kashi cikin 1,000 na milimita ba, gazuwal ɗin da ke wucewa kuma shi ne man shafawarsu. Gazuwal da aka gauraya da kananzir ba shi da wannan santsi. Ruwa kuwa ya fi muni, yana kawo tsatsa, yana fasa bakin nozul. Ba dole ba ne sai wani ya yi ha'inci kafin ruwa ya shiga: tankin da aka bari rabi a daren sanyi yana yin gumi ta ciki, ruwan ya kwanta a ƙasa domin ya fi mai nauyi. Shi ya sa ake son cika tanki da maraice, a kuma buɗe ƙasan matatar ruwa kowace safiya a tsiyaye abin da ya taru. Motar da mai ya ƙare mata a hanya kuwa, ko an zuba sabo ba za ta tashi ba sai an fitar da iskar da ta shiga bututu, a sassauta ƙusar kan matata, a yi ta danna ɗan fompon hannu har kumfa ta daina fita. An sha kashe batir biyu na kamiyo, masu ba da wuta 24, wajen tada motar da ba ta buƙatar komai sai wannan aiki na minti goma.

Akwai wata dabara da tsofaffin makanikai suke yi in inji mai silinda shida yana rawa, ana zaton guda ba ta aiki. Yana juyawa a hankali, sai a sassauta bututun nozul na kowace silinda bi da bi. Wadda aka sassauta ƙarar inji ta canza, lafiyarta ƙalau. Wadda aka sassauta ba a ji wani bambanci ba, ita ce matacciya. Daga nan a cire nozul ɗinta a ɗora bisa fompon gwaji, a ga ƙarfin da yake buɗewa da kuma kamannin feshinsa. Maigidan gareji ba ya gajiya da gargaɗin yaransa kada kowa ya tara hannu a gaban feshin, gama yana huda fata, man ya shiga nama, har a kai ga yanke yatsa.

Zafi kuma yana da nasa lokaci. A watannin Afrilu da Mayu, sa'ad da zafin rana ke wuce digiri 40, mota mai lodi ba ta da sauran rangwame. Ruwan rijiya da ake zubawa a lagireto yana barin farin dutse cikin ƙananan bututu, kamar wanda ake gani a gindin butar shayi, ƙaiƙayi da ƙwari kuma suna toshe shi ta waje. Mutane da yawa suna cire ɗan bawul ɗin da ke daidaita zafin ruwa su jefar, suna cewa don ƙasar sanyi aka yi shi. Wannan kuskure ne. A injuna da yawa shi ne ke rufe gajeriyar hanya ya tilasta wa ruwa bi ta lagireto, in babu shi wani ruwan yana zagayawa ba tare da ya huce ba, da safe kuma injin ya daɗe yana aiki cikin sanyi yana cin jikinsa. Mafi tsada duka shi ne kwara ruwan sanyi cikin injin da ya tafasa. Ƙarfe mai zafi ba ya jure haka, kan inji yana tsagewa.

Zamanin kwamfuta

Duk abin da aka ambata a baya ana iya gane shi da ido da kunne da hanci. Amma motoci sun sake. A 1995 kamfanin Denso na Japan ya fitar da wani sabon tsari a manyan motoci, inda ake tara mai cikin bututu guda mai tsananin matsi, kwamfuta ce ke buɗe kowane nozul da wutar lantarki. Tsohon nozul yana buɗewa a wajen awon matsi 200, sabon tsarin kuwa yana kai 1,600 har fiye da 2,000. A irin wannan inji dabarar sassauta bututu haɗari ce ga rai, an hana ta. Motocin Turai na bayan nan kuma suna da matatar toka a salansa da tankin wani ruwa da ake kira AdBlue domin rage gubar hayaƙi. An ƙera su ne don gazuwal mai ƙarancin sinadarin farar wuta, alhali man da ake samu a wurare da dama na Afirka ta Yamma ya daɗe yana da yawansa, abin da ya sa ministocin ƙasashen yankin suka amince a 2020 da rage shi zuwa kashi 50 cikin miliyan. Idan kwamfutar motar ta ga abin da bai yi mata ba, sai ta rage ƙarfin injin da kanta, motar ta riƙa jan jiki kamar mai ciwon ƙafa.

A nan ne aikin makanikin gidan dillanci yake fitowa. Shi ba ya taɓa mota sai an buɗe mata takarda, an rubuta lambar jikinta da yawan kilomitan da ta yi da ƙorafin direba. Yana jona na'urarsa da kwamfutar motar, ya karanta lambobin ciwon da ta ajiye. Sai dai jama'a suna yi wa wannan na'ura kallon boka, suna zaton tana faɗin abin da za a canza. Ba haka ba ne. In ta ce matsin mai ya yi ƙasa, wannan alama ce kawai. Mai yiwuwa matata ce ta toshe, ko iska na shiga ta wani tiyo da ya tsage, ko ƙaramin fompo ya gaji, ko nozul guda yana mayar da mai tanki fiye da kima. Makaniki nagari yana bin su daga mai araha zuwa mai tsada, ya sa ƴan kwalabe masu awo ya gwada man da kowane nozul ke mayarwa, ya duba wayoyi ko zafi da girgiza sun cinye su. Malalaci kuwa ya rubuta a sayo babban fompo, wanda kuɗinsa ya isa a ciyar da gida watanni, a ɗaura, ciwon yana nan.

Abin da makanikin kamfani ya fi na bakin hanya da shi, ban da na'ura, shi ne littafi da awo. Kusoshin kan inji suna da ƙarfin ɗauri da aka ƙayyade da kuma jeri, daga tsakiya ake farawa a yi waje, da sifana mai awo. Tazarar bawul tana da lambarta. Wasu sababbin nozul ma suna zuwa da lamba a jikinsu da za a shigar wa kwamfuta. Abin da na bakin hanya ya fi shi da shi kuwa shi ne yana nan kusa, ya san man yankin da ƙurarsa, yana iya tada mota da abin da ke hannunsa ta kai gari. Mai motar da ke da garanti ya kamata ya san cewa in aka buɗe fomponta a wani wuri, ko aka tsallake lokacin juyen mai ba shaida a rubuce, kamfani yana da hujjar janye hannunsa.

Kayan gyara ma abin lura ne. Yawancin na wannan yanki daga Kano suke shigowa, kuma rufe iyakokin da aka yi a 2023 ya nuna yadda matata guda ke iya tsayar da kamiyo mako da makonni. A kasuwa akwai na ainihi, akwai na kwaikwayo mai kama da shi har kwali. Matatar mai ta jabu ba ta nuna kanta ranar da aka ɗaura ta. Nozul ne ke biyan bashin daga baya.

Ga ma'aikatan da ke riƙe da motocin hukuma, maganar a fili take. Ba a rasa ganin manyan motoci a harabar ofisoshi an ɗora su bisa duwatsu, alhali abin da ya kashe da yawa daga cikinsu bai wuce rashin kuɗin matata da baƙin mai a kan kari ba. Ana ware kuɗin saye, a manta da na kulawa. Kowace mota tana buƙatar littafinta, a rubuta ranar juye da kilomita da inda aka sha mai da abin da aka canza, direba ya sa hannu. Makarantar fasaha ta Ɗan Kasawa a Maraɗi, da cibiyoyin koyon sana'a na ƙananan hukumomi, da asusun FAFPA mai tallafa wa koyon sana'a, su ne hanyoyin da za a bi a haɗa yaron gareji da ilmin lantarki, tun da injin yau rabinsa waya ne.

Wanda ya yi karatun yaƙi da jahilci yana da babban rabo a wannan sana'a. Yaron da ya iya karanta lambar da ke jikin matata ba za a sayar masa da wadda ba tata ba. Direban da ya iya rubutu, in mota ta tsaya masa tsakanin Takeita da Kance, yana iya kwafe lambar da ta fito a allon gabansa, ya haɗa da lambar jikin mota, da launin hayaƙin, da inda allurar zafi da ta baƙin mai suke sa'ad da ta mutu, ya aika ta wayar salula. Da wannan bayani makanikin da zai taso daga Damagaram ko Maraɗi yana sanin abin da zai sa cikin jakarsa, ya zo sau ɗaya maimakon sau biyu.